Yawunmu Ɗaya, Ni da Zacchaeus

Yau Asabar. Ƙafafuna sun kumbura, ku yi haƙuri, a zaune zan yi magana.

Rabaran, mai unguwa, dattawan ikilisiya, Mama Alisabatu uwargidan marigayi, 'ya'ya da jikoki, mutanen Mayo Gwoi, sannunmu da rashi.

Ni ne Joseph, abokin tagwaicin Zacchaeus. Na ga yara sun watse da na shigo. Ba shi ne ya tashi ba, ni ne.

Ya kasance hedimasta, rabin unguwar nan a hannunsa muka ga sun iya karatu. Ya kasance bakinmu, duk rikicin da ya taso shi muke turawa. Ya kasance mai murya a kwaya, ƙungiyar mawaƙan coci. Ni kuwa in na fara waƙa, sai a ce, "Joseph, kai dai je ka jera benci."

Bara jikansa Peter ya zo daga Abuja da 'yan kwalabe biyu, ya ce mu tofa, za a auna gadon jininmu a ƙasar waje. Zacchaeus ya ce, "Yaro, yawu ne ko jini?" Sakamako ya zo a waya, iri ɗaya sak: wai ba mu da kan karatu, ba mu da kunnen waƙa, amma za mu yi tsawon rai. Zacchaeus ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Joseph, naka suka auna sau biyu."

Ni har yau ban gane ba. Nono ɗaya, makarantar mishan ɗaya, bulala ɗaya. Ina ya samo muryar nan? Me ya sa yana ƙasa, ni ina kan kujera?

Yanzu na ji Peter da matarsa za su je asibiti a ƙasar waje, a haɗa musu 'ya'ya a kwalba, a auna, a ɗauki mai ƙwaƙwalwa, a bar sauran. Jibi za su tashi. Alisabatu, 'ya'yana, ku gaya masa: da a ce haka aka auna mu kafin a haife mu, da babu hedimasta. Ko kuwa ni ne na ruɗe? Karatuna ya tsufa. Peter ya yi mini alkawari zai zo yau ya fahimtar da ni, ni ma in roƙe shi.

Mun gode da kuka zo. Ubangiji ya ba ɗan'uwana hutawa, ya riƙe waɗanda ya bari, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Amin.

Na ƙara wannan a rubuce bayan an watse. Na sa an bar kujera ɗaya kusa da ni har aka naɗe rumfa. Peter bai zo ba.