Hurar da ta riƙe mini tumbi

Salamu alaikum mai gabatarwa, gaisuwa daga Filinge. Likita ya ce in rage tumbi ko ciwon suga ya kama ni, sai na bar tuwo da shinkafa. Kilo biyar suka tafi, sannan sikeli ya kafe wata huɗu. Na koma ina ƙorafi. Likita ya ce, "Malam, da rana mi kake ci?" Na ce, "Ba ni cin komi, hura kawai nike sha, ƙwarya guda." Ya ce, "Da mi ake yin hura?" Ni manomin gero, na ce, "Da gero." Na bar hura, kilo bakwai suka ƙara zubewa, gwajin jini kuma lafiya lau. Ina gaida Inna mai hura ta bakin tasha. Ta yi haƙuri, ba gaba muke ba.