Yadda Kifi Bakwai Suka Gyara Mana Kwalbati

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro. Mai girma shugabar ƙungiyar mazauna layinmu. Babban baƙonmu injiniya, wanda ya baro ofis mai sanyi ya zo ya zauna a bakin kwata saboda mu. Iyayena maza da mata. 'Yan'uwana masu shaguna. Da maƙwabcina mai aski, wanda na ga ya zaɓi kujerar da ta fi kowacce tudu, ina yi muku barka da zuwa.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana, ina kuma gode wa ƙungiya da ta ba wa mai walda lasifika, alhali shekara talatin da huɗu ƙarfe kawai yake yi wa magana. Gyara ɗaya nake roƙo. A takardar gayyata an rubuta da sunana cewa, "Ku zo in nuna muku sabuwar matata." Jama'a, matatar ruwa ake nufi. Kwana biyu na yi ina wannan bayani a gida, kuma har yanzu ban tabbata an gamsu ba.

Maganata uku ce.

Ta farko, daga ina wannan aiki ya samo asali? Bara likita ya auna ni, ya ce jinina ya hau, in rage hayaniya, in nemi abin da zai kwantar mini da hankali. Sai 'yata ta fari ta kawo mini akwatin gilashi da kifi bakwai a ciki, ta ce, "Baba, kullum ka zauna ka kalle su na rabin sa'a." Na zauna na kalla. Akwai wani ƙato a cikinsu da ba ya aikin komai sai buɗe baki da rufewa, na sa masa suna Darakta. Shugaba, ba da kowa nake ba.

Mako ɗaya ruwan ya yi kore, mako biyu ya fara wari, a mako na uku kifi uku suka juya ciki sama. Maganin hawan jini ya koma shi ne hawan jinin. Abin ya dame ni ƙwarai, domin kyautar 'yata ce, kuma duk ranar da ta kira waya kafin ta tambayi lafiyata sai ta tambayi tasu.

Na ce mutumin da ya haɗa ƙofofin rabin layin nan ba zai bari ruwan akwati ya kunyata shi ba. Na samo gorar roba na yanke, na zuba tsakuwa, na zuba yashi, na zuba gawayi, na haɗa ɗan ƙaramin famfo da tiyo. Saura soso. Na duba hagu, na duba dama, sai idona ya faɗa kan kujerar falo. Da la'asar maiɗakina ta zo ta zauna, sai ta ga gwiwoyinta sun kusa haɓarta. Ta ce, "Malam, me ya cinye kujerar nan?" Na ce, "Kimiyya." Ta ce, "To, kimiyya ce za ta zauna a kai daga yau." Amma ruwan ya washe garau, kifi huɗun nan kuma suna nan da ransu.

Magana ta biyu ita ce inda girman kai ya shigo. Kun san halin layinmu da damina. Kun san yadda kwalbati ke toshewa da leda da laka, kun san yadda ruwa ke gangarawa ƙarshen layi, kun san sau nawa 'yar'uwarmu tela ta ɗora kekunan ɗinkinta a kan tebur tana kwalfe shago da bokiti. Ranar da kayan mutane suka jiƙe a hannunta ta tsaya a ƙofata ta ce, "Yaya, na gaji. Damina mai zuwa ba za ta same ni a layin nan ba." Shekara goma sha tara muna maƙwabtaka. Na koma ɗaki na dubi akwatin kifi, na ce a raina: ai kwata ma akwatin kifi ce, girma kawai ta fi.

Na ƙera ƙaton akwatin ƙarfe na dasa a bakin kwalbati. Abin da na yi wa kifi shi na yi wa layi: tsakuwa, yashi, gawayi, soso. Wannan karon tsohuwar katifa na saya, domin na koyi darasi. Na zagaya gida gida ina cewa a kwantar da hankali, ambaliya ta ƙare.

Ruwan farko ya sauko wata Talata da hantsi. Jama'a, matatar nan ta yi aiki fiye da yadda aka sa ta. Ta tare leda, ta tare laka, ta tare kara, sannan ta tare ruwan ma. Ruwa ya zo ya ga babu hanya, ya yi shawara, ya juya ya shiga shagon mai aski. A lokacin mai askin ya aske wa wani bawan Allah rabin kai. Na iso da gudu da laima, na tarar da mai aski a tsaye kan benci, mai rabin kai a tsaye kan kujera, takalmansu kuma sun riga su fita.

Don in kare mutuncina, na zagaya bayan akwatin na tara kofi a inda ruwa ke ɗiga, na kawo wa mai aski na ce, "Maƙwabci, dubi haskensa!" Ya duba da kyau, ya ce, "Gaskiya ya yi haske. Kofi ɗaya ka tace, sauran ka aiko mini."

Kuna dariya yanzu, amma ni kwana uku ban bi ta gaban shagonsa ba. Na ɗauko guduma zan farfasa akwatin ƙarfen. Maiɗakina ce ta tare ni a ƙofa ta ce, "Malam, ajiye. Kifinka suna zubar da leda?" Na ce a'a. Ta ce, "Suna jefa tsohon takalmi a ruwansu?" Na ce a'a. Ta ce, "To ka yi wa masu tarbiyya mataci, ka kai wa mutane." Sai ta ja ni kicin, ta ɗauko kwando mai manyan ƙofofi da rariya mai ƙanana, ta nuna mini cewa babba ake fara sawa, kuma duk wanda ya juye ruwa gaba ɗaya a rariya ƙafarsa zai wanke.

Daga nan na daina aiki ni kaɗai. Tela ta ce a sa wa kwalbatin kwandon da zai riƙa zarowa kamar durowar keken ɗinki, yadda mace ɗaya za ta iya zazzage shi. Mai aski ya ce a bar wa ruwa hanyar gefe idan ya yi yawa, ya kuma tsaya da kansa ya tabbatar hanyar ba ta kallon shagonsa. Abin da kuke gani a gabanku ke nan: rodi a gaba kamar matsefi yana tare manyan tarkace, kwandon raga a tsakiya, ramin tsakuwa a baya inda laka ke kwanciya. Babu yashi, babu katifa. An yi ruwa shida tun da muka dasa shi, biyu masu ƙarfi, ga tela nan zaune, ta ma ƙara keke na uku.

Magana ta uku roƙo ce. Wannan ƙarfe ba ya wanke kansa. Ina roƙon ku, don Allah, kowane gida ya karɓi makonsa na zazzage kwando. Ina roƙon ku, kada a ga hadari a ce motar shara ta iso. Ina roƙon ku, ku tuna cewa abin da ka jefa a ƙofarka a ƙofar ɗan'uwanka yake kwana.

Kuma ku sani, yanzu kwando yana ba da shaida. A mako shida mun ciro takalma goma sha ɗaya duk na ƙafar hagu, mun ciro makullan mota, mun ciro takardar sakamakon jarrabawa da aka gaya wa wani uba cewa makaranta ba ta bayar ba. Mun kuma ciro haƙoran roba, saiti guda cif, mun wanke su, suna cikin aljihuna. Mai su ya same ni bayan taro. Ba zan faɗi sunansa ba, ko da yake tun da na fara magana shi kaɗai ne yake dariya da hannu a baki.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa ruwa ya bi hanyarsa mu ma mu bi tamu. Allah ya ƙara mana haƙuri da juna, ya raya mana zuriya, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya mayar da kowa gida lafiya da busasshen takalmi.

Na gode da kuka saurare ni, na gode ƙwarai.