Ranar da Na Ajiye Kunyar Ɗan Fari

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu mai ceto. Ku amsa da ƙarfi, yau bakina a buɗe yake!

Sunana Rifkatu. Matan zumunta na nan Gumel sun san ni da surutu, har Mama Ladi takan ce in aka ba ni waƙa sai na haɗa da wa'azi. To ni ɗin nan na yi wata biyar da magana a ciki ban faɗa wa kowa ba, kuma saura ƙiris shirun nan ya cuci ɗana.

Da, ni ba mai zuwa asibiti ba ce, dariya ma nake yi wa masu zuwa awo. Maigidana Ishaya ne ya matsa mini a cikina na fari. Aka ɗebi jinina, ma'aikaciyar ta ja ni gefe ta ce ina ɗauke da ciwon hanta, irin wanda suke kira B. Na ce mata ta sake dubawa, ni ko ciwon kai ba na yi. Ta ce ai haka yake, yakan yi shekaru a kwance. Sai ta tambaye ni ko a gidanmu an taɓa yin wanda cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi rawaya.

Haka yayana Yohanna ya tafi, muna ta cewa sammu aka yi masa a kasuwar Maigatari.

Ta ce cutar jini take bi: aska ɗaya a kan mutum da yawa, allurar da aka yi wa wani, kwanciyar aure, da kuma uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Amma akwai rigakafi, in dai an yi wa jaririn kafin ya cika awa ashirin da huɗu a duniya. Duk bayanin nan, kwanciya kawai kunnena ya riƙe. Na ce in maganar nan ta fita, mazinaciya za a kira ni. Na cusa katin gwajin a ƙasan akwatina, ko Ishaya bai sani ba. Allah ya gafarta mini.

Da ciki ya tsufa aka kai ni gida wajen Innata, ƙauyenmu kusa da Ɗanzomo. Niyyata in haihu a asibiti a yi allurar a ɓoye, amma naƙuda ba ta shawara da kowa. Da hantsi ta taso, kafin a nemo abin hawa namiji ya faɗo a hannun ungozoma.

Kun san al'adarmu, ko mu masu bi ba mu bar ta ba. Ɗan fari ba ki kallonsa, ba ki ɗaukarsa a gaban manya, sunansa ma ba ki faɗa. Inna kuwa ta riga ta yanke hukunci, jariri ba ya ƙetare zaure sai bayan suna. Ga goggonnina sun cika ɗaki suna yabona, wai Rifkatu mai baki yau ta san kunya. Ni kuwa kaina a ƙasa, ina kallon rana tana ja ta bakin ƙofa, ina lissafin awannin da suka wuce.

Da azahar Inna ta fito da ni bayan ɗaki wankan jego. Ta koma ƙaro ruwa, na rage ni kaɗai a gaban tukunya, tururi yana dukana. Nan na fashe da kuka. Na ce, "Ya Uba, kai ba ka ji kunyar kiran Ɗanka a gaban jama'a ba. Ka ba ni baki in yi magana saboda nawa."

'Yan'uwa, tsoron nan ya sauka daga ƙirjina kamar an sauke mini tulu. Na ɗaura zani, na shiga ɗaki, na sunkuya na ɗauki yaron a gaban kowa. Goggo Talatu ta riƙe baki, ta ce yaran zamani sun gama lalacewa. Ban ko kalle ta ba. Na ciro katin daga akwatina na faɗi komai, tun daga ranar awo.

Inna ta kalle ni ta ce, "Irin na Yohanna ne?"

Na ce, "Irinsa ne, Inna. Amma wannan ana iya tare masa, in an kai shi yau."

Inna ta karɓe shi, ta naɗe shi a mayafinta, ta sa takalmi. Matar da ta ce ba ya ƙetare zaure ita ta ƙetare da shi. Maƙwabcinmu Malam Sabo dawowarsa ke nan daga masallaci, ko zama bai yi ba ya tada babur ya kai su asibitin Sule Tankarkar. Kafin rana ta faɗi suka dawo, an yi allura. Halleluya!

Washegari na faɗa wa Ishaya. Bai zarge ni da komai ba, ɓoyewar ce kawai ta yi masa ciwo. Aka gwada shi ba shi da ita, aka yi masa rigakafi. Inna ma ta je, aka same ta da ita. Ta yi kuka sosai, na ce mata ba laifinta ba ne, ita ba wanda ya taɓa gaya mata. Ranar suna da hannunta ta miƙa wa wanzami sabuwar reza, ta tsaya a kansa har ya gama.

Yaro ya cika allurorinsa. Da ya kusa shekara aka gwada jininsa, aka ce tas yake. Na yi guɗa a tsakiyar asibiti, sai da aka ce in rage murya!

Ni har yanzu tana jikina, ina zuwa ana dubani, kuma ina lafiya. Amma abin da ya bi gidanmu daga uwa zuwa ɗa, a kaina ya tsaya. Godiya ga Yesu! Mata, ku dogara gare shi, ku je a gwada ku, kada kunya ta rufe muku baki a ranar da ya kamata ku buɗe shi.

Sunan yayana muka sa masa. Ga shi can a cinyar kakarsa, an ce ban isa in kira shi ba. Yohanna, ɗana, taso ka zo jama'a su gan ka.