Filin da Kawu Ya Samo a Palladan

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, daga Samaru nake rubuto maka. Kawuna ya samo fili a Palladan don mu gina wa Inna ɗaki. Ana haƙa harsashi sai ga leda da toka, ashe tsohon kududdufi ne aka cike da shara. Ban yi jami'a ba, amma na karanta cewa irin wannan ƙasa lotsawa take yi da damina, bango ya tsage. Na ce a dakata, a kira masu gwajin ƙasa. Kawu ya ce, "Kai ɗin wa? Injiniyan waya!" Ni kuwa na kwashe diga da shebur na kulle. Masu sauraro, ku kira shi rashin kunya, na ji. Amma a cikinku wa zai kwantar da uwarsa a kan juji?