Hoton da Tsawa ta Katse

Ina jira a shagon gyaran kwamfuta, wani dattijo ya ajiye modem ɗinsa, na'urar da ke haɗa kwamfuta da intanet ta layin tarho, gaban mai gyara.

"Baba, tsawa ce ta ƙona shi, ta wayar tarho ta biyo. In hadari ya taso, kashe kwamfuta bai isa ba, zare wayar ake yi daga bango."

"Na sani, ɗana. Kullum ina zarewa."

"To, ranar fa?"

"'Yata ce ta aiko hoton jaririnta. Ka san layin nan, hoto kaɗan-kaɗan yake saukowa daga sama. Na ga gashi, na ga goshi, irin na marigayiya matata sak. Sai aka fara walƙiya. In na zare, sai an koma farko. Na ce bari dai idanu su fito."

"Sun fito?"

"Ba su kai ba."

Mai gyara ya jujjuya modem ɗin. "Akwai sabo, amma shi ma tafiyar hawainiya ce."

"Ba ni shi. Ko yini zai yi, ni kaɗai ne a gidan. Babu mai jira in gama ya buga tarho."