Ɗakin Karatu Da Aka Cika Da Buhunan Taki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban wannan taro, wakilan magadan gari na Tasawa da Mayahi, iyayenmu sarakuna da malamai, shugabannin ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai, iyaye mata da kuka baro sana'o'inku, 'yan lakwal, ɗalibanmu da ke tsaye a baya, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Sunana Zara'u Danda. Shekara ashirin da biyu ke nan ina koyar da Ingilishi a lise, wato babbar sakandare. Na gode da aka ba ni dama, na kuma gode wa waɗanda suka shirya wurin. Amma ku yi mini haƙuri, yau ban zo da zuma a baki ba.

Magana ta farko labarin ɗiyarmu ne, Rufa'ida Abdurrahamane, daga Attantane. Mahaifinta manomin wake ne. Ta gama lisans, wato digirin farko, a fannin tattalin arziki, ita ce ta biyu a ajinsu. Wata jami'a da ke koyarwa da Ingilishi ta ce za ta ɗauke ta karatun mastar, wato digiri na biyu, kyauta, in har ta ci jarrabawar shiga. Ta zo gidana da takardun gwaji a hannu. Lissafin ciki kaf ta warware shi a gabana, ban gama shan ruwa ba. Da muka kai ga shafin kalmomi sai abin ya gagare ta. Hannun jari, kadara, hauhawar farashi, karyewar kamfani, haɗewar kamfanoni biyu: duk ta san su da Faransanci, ta san su da Hausa tun tana bin uwarta kasuwa, amma da Ingilishi ko ɗaya ba ta gane ba. Ta ce mini, "Madam, na san gidan, na san ɗakunansa, makulli ne ba ni da shi."

Ba zan ɓoye maku ba, ni ma rabin kalmomin ban san su ba, don ba su ne muke koyarwa a lise ba. Sai muka yi musaya. Ni in nemo kalmar a ƙamus, ita ta fayyace mini abin da take nufi a kasuwanci. Wata uku muka yi haka a zauren gidana, da tsohon ƙamus guda da salula guda wadda rabin yini ba ta da rezo, ba ta kama intanet. Ta zauna jarrabawa. Maki huɗu suka hana ta. Maki huɗu, jama'a!

Magana ta biyu ita ce wadda ta fi ci mini rai. Bara, a wannan fili, a ƙarƙashin wannan rumfa, ƙungiyarmu ta yi alkawarin ba da ɗakinta na bayan tasha don ya zama ɗakin karatu. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto. Wani ɗanmu, Muzammil, da ke aiki a ƙasar waje ya aiko da kwali biyu na littattafan shirin irin wannan jarrabawa, har da na kalmomin kasuwanci da harkar kuɗi. Na je neman makullin ɗakin sau shida. A karo na farko aka ce mai makulli ya yi tafiya. A na uku aka ce sai kwamiti ya zauna. A na shida na leƙa ta taga, na ga ɗakin cike da buhunan takin zamani na wani ɗan kwamiti, kwalayen Muzammil kuwa suna ƙasa, an ɗora masu buhu, ko buɗe su ba a yi ba. Littafin da Rufa'ida take nema yana nan cikin garin Tasawa duk tsawon wata ukun nan. Ba zan kama sunan mai takin ba. Ya san kansa, kuma yana jina.

Da na yi magana, wani babba ya ce mini ai mu ƙasar Faransanci ce, me ya haɗa mu da Ingilishi. Ina tambayarsa a gaban jama'a: wakenmu da gyaɗarmu da dabbobinmu in sun tsallaka iyaka ta kudu, da wane harshe ake rubuta takardunsu? Har yaushe za mu riƙa noma, wasu su riƙa rubuta yarjejeniya, mu kuwa mu dangwala yatsa? Kowa ya ƙi a karanta masa wasiƙa, sai ya koyi karatu.

Yanzu a Attantane akwai masu yi wa Rufa'ida ba'a, suna ce mata mai mastar. Ita kuwa kowane mako tana shiga taksin daji ta zo Tasawa, tana koya wa ɗalibai bakwai kalmomin da ta tara a kaye ɗinta, littafin rubutunta. Su takwas ɗin za su zauna jarrabawar nan da wata huɗu, kuma a dokar jami'ar wannan ne karonta na ƙarshe.

Don haka ba gudummawa na zo nema ba. Ina neman a fitar da takin nan kafin Juma'a, a danƙa mini makulli a hannu, a gaban shaidu. In Juma'a ta wuce ba a buɗe ba, to ni da ɗaliban nan takwas za mu shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin mu yi darasinmu a nan, duk mai wucewa tasha ya tambaye mu dalili, mu kuma mu gaya masa.

Allah Ya ba 'ya'yanmu nasara, Ya buɗa masu abin da ya rufe. Allah Ya ba shugabanninmu ikon cika alkawari, Ya albarkaci gonakinmu da kasuwanninmu, Ya maida kowa gidansa lafiya.

Na gode.