Motar Da Ba Ta Taɓa Taka Ƙasa Ba

A bencin garejin gyaran mota, wani matashi na rungume da kwali cike da ƙananan motocin wasa, kowace a cikin ledarta. Dattijon da ke jiran a gyara masa birki ya leƙa ciki.

"Na yara ne, samari?"

"Ni ne yaron, Baba. Tun ina firamare nake tara su. Yau zan sayar, in ƙara wa injin motata ƙarfi."

"Wato za ka sayar da garke don ka kiwata akuya ɗaya."

"Ai ita tana tafiya. Waɗannan ko ƙasa ba su taɓa takawa ba. Mahaifina ya ce ranar da na yage leda, darajarsu ta zube."

"Kai kuma ka ji magana."

"Na ji. Da ido kawai na yi wasana."

"To, sayar mini da ɗaya. Jikata na son mota."

"Za ta adana ta?"

"Ita? Kafin in cire takalmi ta yage ledar da haƙori. Gobe ka tsinci taya a ƙarƙashin kujera."

Matashin ya dubi motocin da ke hannunsa. Can ciki bakanike ya taka totur, matashin ya gane gurnanin motarsa ne. Sai ya tona kwalin har ƙasa, ya zaro wata ja.

"Kai mata wannan, kyauta. Kullum ina jin ta fi sauran gudu."

"Ta fi su ɗin?"

"Ban sani ba, Baba. In ta gwada, a faɗa mini."